Wasiƙa: A Buɗe Zanen Na'urar da ke Warware Matsattsen Sauti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na fasahar zamani da kowa ke mora dare da rana, amma da wuya ka ji an tattauna yadda yake aiki, balle a tambayi wanda ke riƙe da makullinsa. Ina nufin ɗan guntun silikon nan da ke cikin waya da rediyon mota da ƙaramar lasifika, wanda aikinsa shi ne ya karɓi sautin da aka matse cikin lambobi, ya warware shi, ya mayar da shi muryar da kunne zai ji. A ganina lokaci ya yi da injiniyoyi da malamai da ɗalibai za su riƙa zana irin wannan na'ura a bainar jama'a, ta yadda duk mai sha'awa zai iya karanta zanen, ya gwada shi, ya gyara, ya kuma ƙera tasa, domin shingaye biyun da suka daɗe suna hana hakan duk sun faɗi a cikin 'yan shekarun nan.

Dalilin matse sauti tun farko shi ne nauyinsa. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo yana cin bit 16, wato gurabe goma sha shida da kowannensu ke ɗauke da sifili ko ɗaya, kuma ana yin haka sau biyu, na kunnen dama da na hagu. Idan aka ninka, za a sami bit 1,411,200 a sakan guda, kimanin megabayit 10 a minti (bayit ɗaya bit 8 ne, megabayit kuma bayit miliyan ɗaya). Tsarin MP3, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 1993, kuma mafi yawan aikinsa ya fito daga cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, inda Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa suka yi bincike, yana iya rage wannan nauyi zuwa bit 128,000 a sakan, kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ke nan. Dabarar ta dogara ne a kan raunin kunnen ɗan Adam: idan ƙara mai ƙarfi ta tashi, ƙaramin sautin da ke kusa da ita a kauri ko siranta yakan ɓace wa mai sauraro, don haka babu amfanin ɓata lambobi wajen adana shi dalla-dalla. Wanda ke matsewa shi ke yanke shawarar abin da za a zubar. Wanda ke warwarewa ba shi da zaɓi, nasa shi ne ya bi ƙa'ida tiryan-tiryan, kuma wannan ne ya sa aikinsa ya dace a ɗora wa ƙarfe, wato a gina shi a jikin guntun kansa maimakon manhaja.

Shinge na farko shi ne haƙƙin ƙirƙira. Shekara da shekaru duk wanda zai sayar da na'urar da ke warware MP3 sai ya biya kuɗin lasisi. A 1998 Fraunhofer ta rubuta wa masu manhajojin MP3 tana tunatar da su batun biyan, kuma wannan ne ya zaburar da Chris Montgomery da gidauniyar Xiph.Org suka dage a kan Vorbis, tsarin da ba a biyan ko kwabo kafin a yi amfani da shi, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a 2002. Daga baya aka sami Opus, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2012, kuma da shi ake ɗaukar saƙon murya na WhatsApp. Shi kansa MP3 ya kuɓuta a Afrilun 2017, lokacin da aka rufe shirin lasisinsa saboda wa'adin haƙƙoƙin ya ƙare. Sai dai kuɓutar ƙa'ida ba ta nufin kuɓutar na'ura. Guntayen da ake sayarwa domin wannan aiki suna da kyau, wasunsu ma suna iya warware tsari huɗu ko biyar, amma cikinsu a rufe yake. Wanda ya saya zai ga takardar da ke gaya masa wace ƙafa ce ta shigar da lambobi, wacce ce ta fitar da sauti, daga nan sai duhu. Ranar da kamfanin ya daina ƙera guntun, ko aka fito da sabon tsarin sauti da bai sani ba, babu abin da mai na'urar zai iya yi.

A nan ne guntun da ake kira FPGA ya shigo. Guntu ne da ake ƙerawa ba tare da an ba shi takamaiman aiki ba. A cikinsa akwai dubban ƙananan ɗakunan lissafi da ɗimbin wayoyin da ke tsakaninsu, kuma mai zane ne ke faɗa wa kowane ɗaki abin da zai yi da wanda zai haɗu da shi. Idan guntun da aka saba da shi rubutu ne a kan dutse, wannan allo ne da ake gogewa a sake rubutu. Kamfanin Xilinx na Amurka, wanda Ross Freeman na cikin waɗanda suka kafa shi a 1984, shi ya fitar da na farko a kasuwa a 1985, mai ɗakuna 64 kacal. Ana rubuta zanen ne da harsuna na musamman, Verilog ko VHDL, waɗanda ke kama da rubutun manhaja a ido, amma abin da suke bayyanawa shi ne wayoyi da ma'adanai da ke aiki duk a lokaci guda. To, shinge na biyu a nan yake. Na tsawon shekaru talatin, mutum zai iya buɗe zanensa ga duniya, amma manhajar da ke mayar da zanen ya zama jerin lambobin da guntun ke fahimta mallakar kamfani ce, kuma sirrin jerin lambobin a ɓoye yake. A 2015 Claire Wolf da abokan aikinta suka gano tsarin guntayen iCE40 na kamfanin Lattice, suka wallafa shi a aikin da suka kira IceStorm. Da wannan, tare da buɗaɗɗun manhajojin da ke sarrafa zanen, wato Yosys da kuma nextpnr da ta biyo baya, aka sami hanya buɗaɗɗiya tun daga rubutu har zuwa ƙarfe. Daga baya an yi wa guntayen ECP5, waɗanda suka fi girma, irin wannan aiki.

Ina so mai karatu ya leƙa cikin fayil ɗin MP3 ya ga abin da na'urar ke fuskanta, domin gani ya kori ji. Sautin a yanke yake ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi na ɗauke da awo 1,152 ga kowane kunne, kimanin kashi 26 cikin dubu na sakan, ma'ana ƙunshi 38 da 'yan kai a kowane sakan. A matsin da aka fi sabawa da shi, mai bit 128,000 a sakan, ƙunshin bayit 417 ne ko 418. Kansa bit 32 ne, kuma goma sha ɗaya na farko kowannensu lambar ɗaya ce, babu sifili, jere reras, alamar da na'ura ke farauta don ta san inda ƙunshi ya fara. Bayan kai sai bayit 32 na bayani, waɗanda ke faɗin yadda aka tsara sauran. Abin da ke ba sabon mai zane mamaki shi ne, lambobin sautin wannan ƙunshi ba lallai ne su kasance a cikinsa ba. Idan ƙunshin baya ya kasance mai sauƙi, misali inda mai magana ya ɗan yi shiru, ragowar filinsa ake ara wa na gaba, har zuwa bayit 511 a baya. Saboda haka dole na'urar ta riƙe abin da ya wuce a ma'adana, ta kuma san abin yi idan mai sauraro ya tsallaka tsakiyar fayil, inda ƙunshin farko zai nemi bayanan da ba a taɓa karantawa ba.

Daga nan sai a warware lambobin Huffman, wato dabarar da ke ba abin da ya fi yawan fitowa gajeriyar lamba, waɗanda tsawonsu ya bambanta, ta yadda ba za ka san inda ta biyu ta fara ba sai ka gama karanta ta farko. Kowace lamba da ta fito sai a ɗaga ta zuwa ƙarfin huɗu bisa uku, a daidaita girmanta, a raba na dama da na hagu, sannan a shiga manyan matakai biyu na lissafi da ke mayar da layuka 576 na kauri da siranta su koma awo a jere cikin lokaci, ta hanyar matata mai sassa 32. Idan aka bi hanya mafi sauƙi, ba tare da wata dabarar gajerta lissafi ba, matatar ƙarshe na buƙatar ninkawa 2,560 domin fitar da awo 32, wato 80 ga kowane awo, matakin da ke gabanta kuma kusan 38. Idan aka haɗa na kunne biyu, ninkawa miliyan 10 da ɗoriya ke nan a sakan. Adadin yana da ban tsoro a takarda, amma sashen ninkawa guda ɗaya da agogonsa ke bugawa sau miliyan 24 a sakan zai gama da shi har ya huta.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wahalar tana wajen ma'adana da kuma daidaiton lissafi. A ɗauki guntun iCE40 UP5K, wanda buɗaɗɗun manhajojin nan ke iya sarrafawa: yana da ɗakunan lissafi 5,280, da sassan ninkawa 8 masu ɗaukar bit 16 sau bit 16, da ƙananan ma'adanai masu sauri da jimillarsu kilobayit 15 ce, sai babbar ma'adana mai kilobayit 128. Matatar ƙarshe ita kaɗai tana riƙe lambobi 1,024 ga kowane kunne, waɗanda idan aka ba kowacce bit 32 sun cinye kilobayit 8, fiye da rabin ƙananan ma'adanan. Jadawalin ƙarfin huɗu bisa uku, idan aka rubuta shi cikakke, ya haura layi 8,000. Ita kuma babbar ma'adanar ƙofa ɗaya gare ta, ko dai a karanta ko a rubuta a bugu guda, kuma babu komai a cikinta lokacin da aka kunna na'urar, sai an kwafo mata jadawalai daga waje. Ga kuma batun daidaito. Ƙananan guntaye ba su da sashen lissafin lambobi masu ɗigo, don haka da cikakkun lambobi ake komai, mai zane ya riƙe a ransa inda ɗigon yake a kowane mataki. Idan ya yi rowar bit, sai a ji wani sirin hayaniya a ƙarƙashin sauti a wuraren da ya yi laushi. Idan bai bar fili a sama ba, sai lamba ta cika ta zube a wurin da ƙara ta yi ƙarfi, a ji wata ƙara mai yagar kunne. Idan kuma ya zaɓi bit 32, kowace ninkawa ɗaya ta zama huɗu a kan sassan nan masu bit 16. Irin wannan ciniki tsakanin fili da inganci shi ne ainihin aikin injiniya, kuma shi ne abin da rufaffen guntu ba zai taɓa koya wa kowa ba.

Game da yadda ya kamata a raba aikin, ra'ayina a fili yake, ko da yake na san akwai masu ganin cewa gwanintar ita ce a mayar da komai wayoyi. Karanta kan ƙunshi, da bin bayanan da aka ara daga baya, da magance fayil ɗin da ya lalace, duk ayyuka ne masu rassa da yawa da sharuɗɗa barkatai, kuma idan aka dage sai an yi su da ƙarfe zalla, zanen yakan kumbura ya cika da kurakuran da ke da wuyar ganowa. Waɗannan a bar wa ƙaramar furosesa, wato sashen da ke bin umarnin manhaja ɗaya bayan ɗaya, da aka gina a cikin guntun, irin PicoRV32 ko VexRiscv, waɗanda ke bin tsarin umarnin furosesa na RISC-V da aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, wanda shi ma a buɗe yake ga kowa. Lissafin da ake maimaitawa sau miliyoyi ba tare da sauyi ba kuwa, shi ne ya cancanci a gina masa sashensa na ƙarfe. Wannan rabo yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: lissafin da MP3 ke yi a matakinsa na tsakiya dangi ɗaya ne da wanda Vorbis da rabin Opus ke yi, don haka sashen da aka zana da hangen nesa, wanda za a iya sauya masa tsawo, zai yi wa dukkansu hidima.

Sauran tsare-tsaren kowanne da halinsa. Vorbis ba shi da jadawalai tsayayyu irin na MP3, kowane fayil yana zuwa da nasa a gabansa, shi ya sa yake neman ma'adana mai yawa wadda ba a san iyakarta ba sai an buɗe fayil ɗin. Xiph.Org ta saki Tremor a 2002, manhajar da ke warware shi da cikakkun lambobi, kuma ita ce madogara ga duk mai son ɗora shi a kan ƙarfe. Opus ya haɗa tsari biyu ne, SILK na kamfanin Skype domin magana da CELT domin kiɗa, kuma yadda yake ƙulle lambobinsa ya sa dole a warware su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya fi dacewa da furosesa. Shawarata ga mai farawa ita ce ya soma da tsarin matse sauti na FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001. FLAC ba ya zubar da komai: hasashen awo na gaba yake yi daga waɗanda suka gabata, ya adana bambancin kawai. Lissafinsa tarawa ce da ninkawa, kuma abin da ya fito dole ya yi daidai da na asali bit da bit, har ma fayil ɗin na ɗauke da hatimin lissafi da za a duba. Ɗalibi ba ya buƙatar kunnen gwani kafin ya san ko ya yi daidai.

Akwai kuma matakin ƙarshe da ake rainawa, wato miƙa lambobin ga guntun da ke mayar da su wutar da ke girgiza lasifika, galibi ta hanyar tsarin I2S da Philips ya fitar a 1986. A nan agogo ne sarki. Sauti mai awo 44,100 yana son agogo mai bugu 11,289,600 a sakan, mai awo 48,000 kuma yana son 12,288,000, kuma ba kowane allon gwaji ke iya samar da su daidai ba. Idan mai warwarewa ya makara da ƙunshi ɗaya tak, ma'adanar jira ta ƙare, mai sauraro zai ji ƙas a kunnensa.

Na san abin da mai suka zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce ƙaramar furosesa ta yau tana warware MP3 da manhaja kawai, ba tare da wani zanen ƙarfe ba, kuma guntun da aka ƙera domin aiki guda ya fi FPGA arha idan ana ƙera miliyoyi, ya kuma fi shi tattalin batir nesa ba kusa ba. Duk gaskiya ne, kuma ba na da'awar cewa FPGA zai kori waɗannan daga kasuwa. Amma zanen da aka rubuta da Verilog ba a ɗaure yake da guntu ɗaya ba. Idan wannan ya ɓace daga kasuwa, a ɗora shi a kan wani, abin da ke da muhimmanci ga ma'adanar tarihi da gidajen rediyo da masu ƙera na'urorin karatu domin makafi, waɗanda ke son kayansu su yi shekaru ashirin suna aiki. Sannan lokacin da ƙarfe ke ɗauka sananne ne har zuwa bugun agogo, babu wata manhaja da za ta katse shi. Kuma tun 2020, lokacin da Google da kamfanin SkyWater suka buɗe bayanan ƙera guntu, zanen da ya yi nasara a kan FPGA zai iya zama guntun silikon na gaske ta hanyar buɗaɗɗun manhajoji, har shiri irin Tiny Tapeout yana haɗa ƙananan zane-zane na mutane da yawa a guntu ɗaya domin a raba nauyin kuɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake fahimtar buɗewa. Shafin OpenCores, wanda Damjan Lampret ya kafa a 1999, ya nuna cewa mutane suna da niyyar raba zanensu, amma duk wanda ya taɓa ɗauko zanen wani a intanet ya san yawan waɗanda aka watsar rabi da rabi, babu bayani, babu gwaji, wani lokaci ma babu lasisi. Zanen da ba a san ko yana aiki ba, kuma ba a san ko doka ta yarda a taɓa shi ba, bai amfani kowa ba. Wanda zai buɗe zanen mai warware sauti ya kamata ya haɗa da fayilolin gwaji, da hanyar kwatanta abin da zanensa ya fitar da abin da sahihiyar manhaja ta fitar, awo da awo, a cikin kwamfuta ta amfani da manhajar kwaikwayon zane irin Verilator ko Icarus Verilog, tun kafin a taɓa ƙarfe. Ya haɗa da fayilolin da aka lalata da gangan, domin a ga ko na'urar za ta sandare ko za ta nemi ƙunshi na gaba ta ci gaba. Ya rubuta dalilin da ya sa ya zaɓi bit 24 a nan, 32 a can. Ya kuma ɗora lasisi bayyananne. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba ta fitar da lasisin buɗaɗɗen ƙarfe a 2011, kuma bugunsa na biyu na 2020 ya zo iri uku, daga mai tilasta wa wanda ya gyara zanen ya buɗe gyaransa, zuwa mai barin kowa ya yi yadda ya so da shi. Ni dai na fi karkata ga na tsakiya, wanda ke tilasta buɗe gyaran da aka yi wa sashen kansa, amma ya bar mai ƙera kaya ya haɗa shi da nasa zanen, domin hakan ne zai sa masana'antu su ɗauka, kuma gyaransu ya dawo wa jama'a.

Roƙona ga malaman sashen injiniyan lantarki shi ne su ɗauki wannan a matsayin aikin da aji ɗaya zai fara, aji na gaba ya gada, maimakon kowace shekara a soma sabon abu a watsar: na farko su yi FLAC da hanyar fitar da sauti, na biyu su ƙara furosesa da sashen lissafi, na uku su kai ga MP3 da Vorbis, duk a wuri ɗaya da kowa zai iya dubawa. Kai kuma, Edita, ina roƙon shafinku na kimiyya da fasaha ya riƙa ba da fili ga masu irin wannan aiki su bayyana abin da suka zana da inda suka ajiye shi, kamar yadda ake ba sababbin wayoyi fili idan sun fito.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Mai bibiyar shafin kimiyya da fasaha